Zaren da Baffa Ya Bari

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Na faɗi haka a tashar mota ta Kuseri, na yi ta maimaitawa a hanya duk inda motar ta faɗa rami, amma zuciyata ba ta yarda Baffa ya rasu ba sai da na shigo layinmu a Garwa na hango tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. An riga an kai shi makwancinsa tun ina hanya. Ban ga fuskarsa ba, kuma wannan zai daɗe yana cina.

Baffa wan mahaifina ne. A hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina, shi ya aurar da ni zuwa Kuseri. Matarsa ita nake kira Inna, ɗansu guda ɗaya tilo kuma shi ne Yayana. Ina rubuta wannan ne don na ga yadda ake manta mutum a garin nan. A yi sadakar arba'in, a naɗe tabarmi, wani ya kama shagon ya zuba kayan waya, shi ke nan.

Na sha zuwa zaman makoki, amma ban taɓa ganin wanda mutane ke shigowa da hotuna a hammata ba sai na Baffa. Wani ya naɗo nasa a ɗankwali, wata a cikin buhun shinkafa. Ba wanda ya ce su kawo. Sai su yi gaisuwa, su zauna, su ɗora hoton a cinya suna shafa gilashin.

A waje, Modibbo maƙwabcinmu, mai makarantar allo, shi ne ya fi kowa kuka, har almajiransa manya suna kawar da kai. Shi ne kuwa mutumin da bai taɓa taka shagon Baffa ba. Da na durƙusa gaishe shi, ya ce, "Allah hokku munyal, Allah ya ba da haƙuri, 'yata. Tun muna da baƙin gemu nake ce masa ya bar sana'ar hoton nan, shi kuma yana ce min in rage sukari a shayi. Ba wanda ya ji maganar wani. Yanzu da wa zan yi musu bayan la'asar?"

A cikin gida kuma na tarar da wata tsohuwa da ta taso tun daga Yagwa, ba ta ma ji labarin rasuwar ba. Murna ce ta kawo ta. Ɗanta ya dawo daga Gabon bayan shekaru masu yawa, ta zo Baffa ya warware mata zaren hotonsa. Tana cikin ba da labari, bakinta har kunne duk da hawaye, sai wata ta taɓa ta ta nuna mata Inna da ido. Tsohuwar ta rufe baki da hannu. Kowa a ɗakin ya san Inna ma tana da nata ɗan a kan zare, kuma nata bai dawo ba.

Inna ta miƙa hannu ta ce, "Kawo." Ta ɗauki ɗan almakashin Baffa, ta cire gilashin, ta tsinke zaren. Ta ce, "Barka, Allah ya ƙara tsarewa." Sannan ta gyara lulluɓinta ta ci gaba da jan carbi.

Wanda bai san aikin Baffa ba ba zai gane abin da ya faru a ɗakin nan ba, don haka bari in faɗa.

Baffa mai hoto ne, shagonsa na bayan babbar kasuwa. Hoton katin ɗan ƙasa da na 'yan makaranta shi ke ciyar da gida, amma abin da aka san shi da shi har Banyo shi ne hoton iyali. In ya jera mutane, kafin ya leƙa na'urarsa sai ya tambaya, "Wa ba ya nan?" Kullum kuwa akwai wanda ba ya nan. Wani yana Duwala, wani Njamaina, wata ta bi miji Makka ta zauna. Mu kanmu kakanmu daga ƙasar Katsina ya biyo fataken goro ya yada zango a Garwa, bai sake komawa ba. A nan ana ce mana Hausawa baƙi, in mun je can a ce ga 'yan Kamaru sun zo. Baffa yakan ce gidan Bahaushen Garwa ba ya taɓa cika, ko ranar Sallah.

Sai ya sa a matsa, a bar gurbi daidai faɗin kafaɗar mutum. In hoto ya fito, ya nemi kowane irin tsohon hoton matafiyin, da ƙyallen wata riga da ya bari a gida. Ya yanke fuskar da ɗan almakashin da yake ratayawa a wuya, ya yanka masa riga daga ƙyallen nan nasa na gaske, ya zaunar da shi a gurbin. Sama yakan shafa mata bula, ƙafafun mata ya ɗiga musu lalle, a ƙarƙashin ƙafafun kowa kuma ya barbaɗa yashin Binuwai. In akwai tikitin motar da mutumin ya hau ko kan sarkin da ya zo daga inda yake, sai ya sa shi a bayan kansa. Kana duban hoton ka san wa ke gida, wa ke hanya, da kuma wace hanyar.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma ba ta lanƙwasuwa. In matafiyin yana da rai, da allura da farin zare yake ɗinke shi, ɗinki sako-sako, don ranar da ya dawo a tsinke a sake sabon hoto da shi a tsaye da ƙafafunsa. In ya mutu, sai a liƙa shi da ƙaro, ya zauna ke nan. Ni nake aiko masa da ƙaron daga kasuwar Kuseri, ya ce namu ya fi kamawa. Kuma ba ya liƙa kowa a kan ji-ta-ji-ta. Sai ya tambaya, "Wa ya ga kabarin?" In babu, ko za ka kwana kana roƙo, zare zai sa.

Mutum ne mai faɗa a bakin aiki. In ka wage baki kana dariya sai ya ɗago kai ya ce, "Rufe, ba haƙori na zo ɗauka ba." In ka ɗaure fuska kuma ya ce, "Wa ya mutu?" Har yau ban san fuskar da yake so ba. Da wayoyi suka cika gari ciniki ya ja baya, bai yi ƙorafi ba, sai dai in jikokinsa sun nuna masa hotunan da ke ciki yakan juya wayar ya duba bayanta ya ce, "To a ina zan soka allura?"

Akwai shekarar da wata matashiya mai aikin zane ta zo daga Duwala, ta ga hotunan a gidan wata ƙawarta, ta rikice. Ta ce tana so ta jera su a wani babban zaure mutane su zo kallo. Baffa ya ji daɗi ƙwarai, kada wani ya ce muku bai ji ba. Sati guda yana yawo da babbar rigarsa ta Juma'a. Shi da kansa ya bi gida-gida yana neman izini, ya tattara mata waɗanda aka liƙa da ƙaro. Na zare kuwa ya hana ko ɗaya. Ya ce mata, "'Yata, wanda ake jira ba ya tafiya sau biyu." Ba ta ja ba. Da ta aiko da takardar bikin da Faransanci, na karanta masa na fassara, na ce an ce aikinsa a kan tunawa ne, da ƙaura, da sanin asali. Sai ya ce, "Ashe! Ni na ɗauka gurbi nake cikewa." Ya sa aka manna takardar a ƙofar shago har rana ta cinye rubutun.

Sai abin ya zo gidansa.

Yaya moto yake ja a Garwa, wato acaba, yana da mata da jaririya. Ya ga abokansa sun tafi haƙar zinariya a arewacin Cadi, wasu sun zarce Libiya, ya ce shi ma zai gwada. A gidana ya sauka a Kuseri, na dafa masa shinkafa da kifi, washegari na raka shi bakin gada ya tsallaka Njamaina. Ni ce ta ƙarshe a danginmu da ta ga ƙeyarsa. Da farko yana kira, murya tana yankewa, yana cewa a gaida Inna. Daga baya kiran ya ja baya. Daga nan ya ɗauke.

Da Babbar Sallah ta zo, Baffa ya jera mu a tsakar gida: Inna a kan kujera, matar Yaya da goyonta, ni da yarana. Ya sa muka bar gurbi a hannun daman Inna. Shi ba ya ciki, don shi ke bayan na'ura, kuma haka yake a duk hotunan gidanmu. Ya yanke fuskar Yaya daga wani hoton ɗaurin aure, ya yi masa riga da ƙyallen shuɗiyar shaddarsa, ya ɗinke shi da farin zare. Aka rataye hoton a ɗakin Inna, saitin gadonta.

Labarai suka yi ta zuwa, kowanne da kalarsa. Wani ya ce motarsu ta lalace a tsakiyar Sahara. Wani ya ce ya gan shi a kurkuku. Wani ya rantse cewa ya shiga jirgin ruwan da bai isa ba. Duk wanda ya zo, Baffa zai ba shi ruwa, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Ka ga kabarin?" Mutum ya sunkuyar da kai, Baffa ya yi masa godiya ya raka shi ƙofa.

Da shekaru suka tura, shi da kansa ya ɗauki surukarsa ya kai ta gaban malamai aka raba auren. Da ta samu miji, shi ya tsaya mata a matsayin uba, ya yi mata kayan ɗaki, ya ce ƙofar gidan nan a buɗe take gare ta har abada. Ranar da za a kai ta, ta riƙe ƙafarsa tana kuka, ya ce, "Tashi, 'yata. Ke ba hoto ba ce da zan rataye ki a bango." Mutane suka ce to, Baffa ya haƙura. Ashe bai haƙura ba. Zafin Garwa yana cin zare, don haka kowace Babbar Sallah, bayan an gama da nama, sai ya sauko da hoton ya sake wa Yaya sabon ɗinki.

A irin wannan ranar ce suka yi faɗan da ban taɓa ganin irinsa tsakaninsu ba. Ina tsakar gida ina suya, Baffa yana bakin ƙofa da hoton a cinya. Inna ta fito ta tsaya a kansa.

Ta ce, "Malam, ka liƙa yaron nan."

Bai ɗago ba.

Ta ce, "Duk uwar da ɗanta ya mutu a unguwar nan, an shimfiɗa mata tabarma, an zo an zauna da ita. Ni ba a yi min gaisuwa ba, ba a yi min barka ba. Mata in sun gan ni sai su rasa abin da za su ce, su kama zancen tsadar gero. In na ɗaga hannu ban san wace addu'a zan yi masa ba, ta matafiyi ko ta mamaci. Ka bar ni in yi wa ɗana sadaka, in yi kukana in gama."

Ya ce, "Ban ga kabari ba."

Ta ce, "Sahara tana nuna kabari ne? Teku fa?"

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Inna ta koma ɗaki, kuma ta yi kusan wata ba ta ce masa komai ba bayan gaisuwar safe. Ni bayan Inna na bi, kuma na gaya masa ba tare da na tauna ba. Na ce wannan taurin kai ne, yana azabtar da baiwar Allah saboda ƙa'idar shago. Har yau ina ganin tana da gaskiya a ranar. Bai yi fushi ba. Ya ciji zaren ya tsinke, ya ce, "In na liƙa shi da hannuna, ni na binne shi. Ba zan iya ba." Ni kuma na koma kan suyata.

Haka suka rayu, kowace shekara da wannan magana. Da idonsa ya fara rauni har ya kasa ganin kafar allura, sai ya riƙa miƙa wa Inna. Tana mita, tana cewa ita ba ruwanta, amma ita ke lasar bakin zaren ta zura masa. Na sha ganin haka, ban kawo komai a raina ba.

Ciwon da ya tafi da shi bai daɗe ba. Inna ce ta ba ni labarin ƙarshensa bayan na iso. Ta ce da ya ji jikinsa ya yi nauyi, sai ya sa ta jiƙa ƙaro a ɗan kofin shayi, ya sa ta ajiye allura da zare kusa da shi. Ya ce mata, "Na tauye ki da yawa, ki yafe min. In na tafi, hoton naki ne. Ki yi abin da zuciyarki ta kwanta da shi." Ta ce ta yafe. Bai sake maganar ba har ya cika.

Maganar ta fita, kamar yadda magana ke fita a gidan makoki. Modibbo ya aiko cewa in Inna ta shirya, zai haɗa Yaya a addu'ar bakwai, a yi wa uba da ɗa tare. Mata suka fara raɗa cewa Allah sarki, a ƙarshe dai za ta samu ta yi kukan ɗanta. Ni ma na fara lissafin ƙarin gero don sadaka.

Washegarin sadakar uku da hantsi, mutane sun ɗan ragu, Inna ta ce in sauko da hoton. Na zauna kusa da ita a tabarma na cire gilashin. Zaren bara ya riga ya yi rauni, ina taɓa shi ya rabu. Sai ga Yaya a tafin hannuna, fuskarsa ta saurayi da 'yar shuɗiyar rigarsa, ba nauyin komai. A hoton kuma gurbin ya fito fili, da ƙananan hujojin allura na shekara da shekaru kewaye da shi. Na ƙara ruwan ɗumi a kofin ƙaron, na dama da tsinke, na tura mata.

Ta daɗe tana kallon kofin. Sannan ta ce, "Duba aljihun jakar Malam, akwai ragowar hoton da aka yi masa na kati."

Na ɗauko. Shi ne kaɗai hoton Baffa da muke da shi, wani yaro mai shago ne ya ɗauka, Baffa ya ɗaure fuska kamar an zo karɓar haraji. Inna ta yanke shi da almakashinsa a hankali. Ta sa na yanko ƙyalle daga bakin hannun rigarsa ta Juma'a. Ta tsoma yatsa a ƙaron ta shafa, ta liƙa shi a tsaye a bayan kujerarta, dab da gurbin. Kansa ya fi na kowa ƙanƙanta. Ta danna da babban yatsa ta riƙe har ya kama, ta ce, "Wannan na ga inda aka kai shi."

Sai ta ture kofin gefe, ta ɗauki allura ta miƙo min.

Ta ce, "Zura min zare, idona ya cika da ruwa."

Na ce, "Inna, ba ke ce kike roƙo shekara da shekaru ba? Ga shi ya ba ki dama."

Ta ce, "Da yana nan, shi ke jira, ni kuma ina kuka. Na san ko na gaji akwai wanda bai gaji ba. Yanzu in na liƙa shi, wa ya rage a duniya yana jiran yaron nan?"

Na karɓi allurar. Na zura zaren, na ba ta. Ta ɗora Yaya a gurbinsa, ta bi tsofaffin hujojin Baffa ɗaya bayan ɗaya, ba ta huda sabo ba. Da na ga ɗinkin ya yi sako-sako na ce ta ɗan ja, sai ta ce a'a, haka ake yi, don kada ya yi wuyar tsinkewa.

Na fita na gaya wa Modibbo cewa addu'ar bakwai ta mutum ɗaya ce. Ya dube ni, ya share ido da bakin rawaninsa, ya ce, "Ya tafi ma bai bar musun ba."

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ya tarar da waɗanda ya liƙa da hannunsa suna cikin rahama. Ya ba Inna ƙarfin abin da ta ɗauka. Yaya kuma, duk wanda ya karanta wannan ya tuna da shi, Inna ta ce addu'ar matafiyi za a yi masa.